Gigin tsufa, gado da furotin: abin da binciken ƙwaƙwalwa ya gano da inda ya bar mu a baya

A gidajenmu na Makka da Jidda da Madina, idan ƙwaƙwalwar mutum ta fara samun tangarɗa, bayani uku ne ke yawo. In tsoho ne sai a ce gigin tsufa, a ci gaba da haƙuri da shi har rai ya yi halinsa. In yaro ne ko matashi sai a ce shafar aljanu ko sammu, a nufi wurin mai ruƙiyya. Na ukun ba a ɗaga murya wajen faɗarsa, sai an ja mutum gefe a raɗa masa cewa ai abin a jininsu yake. Wannan raɗar ta wargaza neman aure ba iyaka, ta sa an jingina wa mata da yawa laifin da ba nasu ba, ta kuma hana iyalai zuwa asibiti don gudun kada magana ta fita.

Shekara arba'in ke nan masu bincike suna bin diddigin wannan gadon, kuma sun ga akwai gaskiya a ciki. Sai dai gadon ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ke sauka kai tsaye daga uba ko uwa, akwai wanda sai iyaye biyu sun haɗu a kansa, akwai kuma wanda haɗari kawai yake ƙarawa ba tare da ya yanke wa kowa hukunci ba. Duk iyalin da suka cakuɗa ukun nan za su ji tsoron abin da bai kai a ji tsoronsa ba, su kuma yi sakaci da wanda yake da magani.

Kafin a kai ga nan sai an san yadda ginin yake. Jikin mutum tarin ƙananan ƙwayoyi ne da ido ba ya gani, kuma a cikin kusan kowace akwai DNA, wani dogon rubutu na haruffa iri huɗu da yawansu ya kai kimanin biliyan 6. An kasa shi cikin ƙunshi 46 da ake kira kiromosom, 23 daga uba, 23 daga uwa. A cikin rubutun akwai ƙwayoyin gado kusan 20,000, kuma aikin mafi yawansu shi ne ba da umarnin yadda za a ƙera furotin. Furotin ne ke yin aikin jiki: shi ke ɗaukar iskar numfashi a jini, shi ke narkar da abinci, shi ke miƙa saƙo daga wannan jijiya zuwa waccan. Yana fitowa ne a matsayin dogon zare, kuma ba ya aiki sai ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa ta musamman. Kamar rawani ne: ƙyallen ɗaya ne, amma in an naɗa daidai ya zauna a ka, in an kuskure naɗi ɗaya ya warware ya harɗe mai shi.

Mu mun daɗe da sanin ciwon da ke zuwa ta wannan hanya, wato sikila. Harafi ɗaya tak ne ya canza a ƙwayar gadon da ke ƙera furotin ɗin jan jini, sai furotin ɗin ya riƙa mannewa da 'yan uwansa, ƙwayar jinin ta lanƙwashe ta toshe hanya. Cututtukan ƙwaƙwalwa da yawa haka suke, furotin ne da ya kauce wa siffarsa ya fara dunƙulewa. Abin da ya sa lamarin ya fi muni a ƙwaƙwalwa shi ne ƙwayoyin jijiyarta, waɗanda suka kai kimanin biliyan 86, yawancinsu ba a sauya su. Jan jini yana sabuntawa bayan kusan wata huɗu, amma ƙwayar ƙwaƙwalwar da aka haife ka da ita ce za ta yi maka aiki har ka shekara tamanin. Duk dattin da ta kasa fitarwa yana nan a cikinta yana taruwa.

A 1906 wani likitan Jamus, Alois Alzheimer, ya ba da bayanin wata mata mai suna Auguste Deter, wadda ta fara ruɗewa tana da shekara hamsin da 'yan kai. Bayan rasuwarta ya duba ƙwaƙwalwarta da madubin likita, ya ga abu biyu: dunƙule-dunƙule a tsakanin ƙwayoyin jijiya, da zaruruwa a cukurkuɗe a cikinsu. Sai a 1984 George Glenner da Caine Wong suka tsamo furotin ɗin dunƙulen, wanda ake kira amiloyid. Zaruruwan kuma aka gano wani furotin ne mai suna tawu, wanda aikinsa na asali shi ne riƙe hanyoyin da kaya ke bi a cikin jijiya. A 1987 aka gano ƙwayar gadon da amiloyid ke fitowa daga gare ta tana kan kiromosom na 21, kuma nan take wani tsohon abin mamaki ya warware: masu lalurar Down suna da kiromosom na 21 guda uku ne maimakon biyu, shi ya sa suke tara amiloyid da wuri, da yawansu kuma ciwon mantuwa ya same su tun suna shekara hamsin.

Duk wanda ya yi jinyar mai wannan ciwo ya san yadda yake tafiya. Hajiya za ta yi la'asar, ta shafa addu'a, bayan minti goma ta tashi tana neman buta wai ba ta yi salla ba. Hanyar Harami da ta bi shekara arba'in sai ta rikice mata. Amma Fatiha ba ta kuɓuce mata, kuma za ta lissafa maka sunayen ƙawayenta na ƙuruciya a Sakkwato ko Damagaram ɗaya bayan ɗaya. Dalili shi ne tawu yana fara ɓarna ne a sashen da ke ajiye sabon abu, tsohon ajiya kuwa sai daga baya ake isa gare shi. Akwai wani ciwon rai da ya keɓanci gidaje irin namu. Larabcin da ta koya bayan ta girma yakan riga Hausar da ta sha a nono zubewa, sai a wayi gari kaka ba ta jin komai sai Hausa, jikokin da ke kwana ɗaki ɗaya da ita kuma ba su iya mayar mata da amsa sai da Larabci. Haka in an kai ta asibiti aka yi mata tambayoyin gwajin ƙwaƙwalwa da Larabci, ana iya ganin ciwon ya fi yadda yake tsanani. Wanda zai raka ta ya zama mai jin harsunan biyu, ya kuma gaya wa likita da wane harshe ta tashi.

Alƙur'ani ya ambaci wanda ake mayarwa zuwa mafi ƙasƙancin rayuwa har ya rasa sanin abin da ya sani, a aya ta 70 ta Suratun Nahl, kuma ayar cewa ta yi daga cikinku akwai wanda ake mayarwa, ba kowa ba. Haka binciken ma ya nuna: tsufa shi ne babban abin da ke ƙara haɗari, amma ruɗewa ciwo ne, ba hakkin shekaru ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 55 ke fama da shi, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma cutar Alzheimer ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na adadin.

Cutar Parkinson, mai sa makyarkyatar hannu da sanɗarewar jiki da jan ƙafa, ita ma da nata furotin. A 1997 aka gano canji a wata ƙwayar gado a wani babban dangi da asalinsu garin Contursi ne a kudancin Italiya, kuma a shekarar aka tabbatar furotin ɗin da take ƙerawa, alfa-sinukilin, shi ne ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu ciwon, har da waɗanda ba su gada ba. Ƙwayoyin da ke samar da dofamin, sinadarin da ke taimaka wa ƙwaƙwalwa sarrafa motsin jiki, su ne ke mutuwa. Maganin lebodofa, da ake amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1960, yana cike gurbin dofamin ɗin har mutum ya koma riƙe kofin shayi da kansa, sai dai ba ya tsayar da mutuwar ƙwayoyin.

Yadda ɓarnar ke yaɗuwa daga sashe zuwa sashe kuwa, hasken ya zo ne daga wani wuri daban. A 1982 Stanley Prusiner ya ce akwai furotin da in ya naɗe ba daidai ba yana tilasta wa lafiyayyun 'yan uwansa su ɗauki siffarsa, ya kira shi firiyon. An yi masa ca a lokacin, amma a 1997 ya karɓi kyautar Nobel, bayan cutar haukan shanu a Ingila ta nuna abin na faruwa. Yanzu masana da yawa suna ganin tawu da alfa-sinukilin suna yin makamancin haka a cikin ƙwaƙwalwa ɗaya. A nan ina so in ja kunne sosai, don na ga gidan da aka ware wa tsoho kwanonsa da kofinsa: ba a ɗaukar Alzheimer ko Parkinson ta cin abinci tare, ko wanke mara lafiya, ko kwana kusa da shi. Ware shi ƙara masa ruɗewa kawai yake yi.

To, mu koma kan gadon. Nau'i na farko shi ne wanda kwafi ɗaya na ƙwayar gadon da ta canza, daga uba ko uwa, ya isa. Fitaccen misali cutar Huntington, wadda aka gano ƙwayar gadonta a 1993 a kan kiromosom na 4, bayan shekaru ana nazarin dangogin masunta a bakin tafkin Maracaibo na Benizuwela. Haruffa uku ne, CAG, ke maimaituwa fiye da kima, kuma wanda nasa suka kai 40 ko fiye ciwon zai same shi in ya yi tsawon rai. Kowane ɗa na mai ciwon yana da rabin yiwuwar gada. Alzheimer ma tana da irin wannan, ta ƙwayoyin gado uku da aka gano tsakanin 1991 da 1995, amma ba su kai kashi 1 cikin 100 na masu ciwon ba. Alamarsa ita ce farawa da wuri, a shekara arba'in ko hamsin, kuma a gan shi a kaka da uba da ɗa a jere. A yankin Antioquia na Kolombiya akwai dangi mai mutum kusan 6,000 da Dokta Francisco Lopera ya shafe rayuwarsa yana bibiya, inda masu ɗauke da canjin ke fara mantuwa a wajen shekara 44. A 2019 aka ba da labarin wata mata a cikinsu da ta kai shekara saba'in da 'yan kai kafin alama ta bayyana. Ƙwaƙwalwarta cike take da amiloyid, amma tawu bai bazu ba, saboda ta gaji kwafi biyu na wani canji mai ba da kariya. Mace ɗaya ta sa masana suka sake lissafi a kan wane furotin ne ainihin mai kisa.

Nau'i na biyu shi ne ya fi shafar ƙasar da muke zaune. A nan sai uba da uwa duk suna ɗauke da kwafi ɗaya, su kansu lafiyarsu ƙalau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu yaro ya haɗa biyun. Lissafin AS da AS ne da muka sani. Ke nan duk wanda ya ce daga dangin uwa abin ya fito ya yi zalunci, domin rabi daga uban ne. 'Yan uwa sun fi yiwuwar ɗaukar canji iri ɗaya daga kaka ɗaya, kuma wani bincike na ƙasa da aka wallafa a 2007 ya nuna kusan kashi 56 cikin 100 na auren Saudiyya na zumunci ne, kimanin kashi ɗaya bisa uku kuma tsakanin 'ya'yan wa da ƙani ko makamantansu. Mu ma auren gida ba baƙonmu ba ne, musamman da yake zaman baƙunta yana sa a fi neman na gida. Ba ina cewa a daina ba ne. A ma'aurata da ba dangi ba, kashi 2 zuwa 3 cikin 100 na jarirai ke zuwa da wata babbar lalura, a 'ya'yan wa da ƙani kuma adadin yakan kusa ninkawa, wanda ke nufin mafi yawan yaran lafiya lau suke zuwa. Inda ake buƙatar tsayawa shi ne dangin da aka riga aka ga yara biyu ko uku da ciwo iri ɗaya.

Wannan yawan auren zumunci ya sa Saudiyya ta zama ɗaya daga cikin wuraren da aka fi gano sababbin ƙwayoyin gadon cututtukan ƙwaƙwalwar yara. Asibitin ƙwararru na Sarki Faisal da ke Riyad, inda Farfesa Fowzan Alkuraya ya yi suna, ya fito da su da yawa, kuma a 2013 aka ƙaddamar da shirin nazarin ƙwayoyin gadon 'yan ƙasa. Misali guda ya isa ya nuna amfanin aikin. A 1998 likitocin wannan asibiti suka bayyana wani ciwo da ke kama yara, galibi tsakanin shekara 3 zuwa 10. Yaro yana wasansa, sai zazzaɓi ya zo, bayan kwana kaɗan ya fara ruɗewa, magana ta sarƙe, haɗiya ta gagara, hannu da ƙafa su murɗe, wani lokaci da jijjiga. Duk wanda ya ga wannan a gida, aljanu zai fara kawowa a ransa. A 2005 aka gano ƙwayar gadon, SLC19A3, wadda ke ƙera furotin mai shigar da bitamin B1 cikin ƙwaƙwalwa. Maganin bitamin biyu ne masu araha, bayotin da tayamin (wato B1 ɗin), a ba da su da yawa bisa umarnin likita har tsawon rai. In an fara da wuri yaro yakan farfaɗo cikin kwanaki. In an yi jinkiri yakan nakasa ko ya rasu. Ruƙiyya da addu'a ba su hana a ɗauki yaron a kai shi sashen gaggawa a daren ba, kuma kwanakin da ake ɓatawa ana jiran a ga hali su ne ƙwaƙwalwar ke lalacewa a cikinsu.

Akwai kuskuren fahimta da ya kamata a gyara game da gwajin kafin aure. Tun 2004 aka wajabta shi a kan sikila da talasimiya (wani ciwon jini na gado), a 2008 aka ƙara ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau. Mutane suna karɓar takardar su ce an duba jininsu an ga ba komai. Abin da aka nema kaɗai aka duba. Cututtukan ƙwaƙwalwa na gado ba sa cikin wannan takarda, nasu gwajin daban ne, kuma yakan fi ba da amsa idan an fara da yaron da ke da ciwon, a gano canjin, sannan a duba sauran dangi.

Nau'i na uku shi ne na mafi yawan tsofaffinmu, kuma a nan ne aka bar mu a baya. A 1993 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka gano wani nau'in ƙwayar gado mai suna APOE4 yana ƙara haɗarin Alzheimer: a Turawa kwafi ɗaya yana ninka shi kusan sau uku, kwafi biyu kuma sau goma ko kusa da haka. Duk da haka akwai masu ɗauke da shi da suke mutuwa da hankalinsu garau, da marasa shi da suke kamuwa. Zuwa 2022 an lissafa wurare 75 a DNA da ke taɓa haɗarin, kowanne ɗan kaɗan, da yawansu kuma suna da alaƙa da ƙwayoyin da ke share datti a ƙwaƙwalwa.

Tun 1992 aka fara wani nazari da ya kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙaƙen fatar Amurka a birnin Indianapolis, ƙarƙashin Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie, daga baya Adesola Ogunniyi ya ci gaba da ɓangaren Nijeriya. Sakamakon 2001 ya nuna duk shekara kashi 1.35 cikin 100 na tsofaffin Ibadan ke shiga ruɗewa, a Indianapolis kuwa kashi 3.24. Kuma APOE4, duk da ya fi yawa a Afirka ta Yamma a kan Turai, tasirinsa a Ibadan ya yi rauni ƙwarai. Darasi biyu ke nan. Na farko, ma'aunin da aka yi da jinin Turawa ba lallai ya yi daidai da namu ba. Na biyu, mutane masu tushe kusan ɗaya sun bambanta ninki biyu, kuma ana danganta wani ɓangare na bambancin da abinci da kitse da hawan jini da ciwon suga. Wannan na biyun ya kamata ya dame mu, domin cimarmu a nan, daga kabsa da burodi da soyayyar kaza zuwa lemon kwalba da zaman mota da na'urar sanyaya ɗaki, ta yi nisa da ta kakanninmu.

Parkinson ta fi fito da abin fili. Wani canji a ƙwayar gadon LRRK2, da aka gano a 2004, ana samunsa a kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na masu ciwon a tsakanin Larabawa da Barbar na Arewacin Afirka, amma da aka gwada marasa lafiya a Nijeriya ba a same shi ba. Sai a 2023, da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka tara marasa lafiya kusan 1,500 masu tushen Afirka, yawancinsu 'yan Nijeriya, aka gano wani canji daban a ƙwayar GBA1 da ke jikin kusan kashi 39 cikin 100 nasu, wanda da wuya a gan shi a Turawa. GBA1 tana ƙera furotin ne da ke aiki a sashen narkar da datti na ƙwayar jijiya. Shekara ashirin da biyar ana binciken gadon Parkinson ba a ga wannan ba, don kawai ba a duba mu ba. Wani lissafi na 2019 ya nuna kusan kashi 78 cikin 100 na mutanen da aka yi irin waɗannan manyan nazarce-nazarce a kansu Turawa ne, 'yan asalin Afirka kuwa kusan kashi 2, alhali Afirka ce ta fi kowace nahiya bambancin ƙwayoyin gado.

Ka duba matsayin Bahaushen Makka a wannan hoto. Kakanninsa sun taso daga Kano ko Katsina ko Maraɗi, wasu sun yada zango shekaru a Mai Wurno ko Gadarif kafin su ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Jininsa na Afirka ta Yamma ne, wani lokaci da gaurayen Barebari ko Fulani ko Larabawa. Idan an yi masa gwaji, za a kwatanta sakamakon da rumbun bayanan da yawancinsa na Turawa ne, ko na ƙabilun Larabawan ƙasar. Sai a ga canjin da ba a san fassararsa ba, ko a tsallake wanda yake da muhimmanci. Ga kuma bambancin takardu: mai shaidar ɗan ƙasa yana da hanyar isa manyan asibitoci, mai iƙama, wato takardar zaman baƙo, sai abin da inshorarsa ta ɗauka, wanda ba shi da ko ɗaya kuwa ko asibitin unguwa yana ɗari-ɗarin zuwa. A ganina, duk wanda likitansa ya nemi izinin sa samfurin jininsa a bincike, bayan an yi masa bayanin yadda za a kare sirrinsa, ya dace ya duba lamarin da idon alheri, kuma ya faɗi asalinsa dalla-dalla. Ya'yanmu da ke karatun likita da kimiyya a Ummul Ƙura da Jami'ar Sarki Abdul'aziz su ma ga fage a buɗe gabansu.

Batun magani kuwa, gaskiyarsa tana da daɗi da ɗaci. Inda ƙwayar gado ɗaya ce sanadi, an yi nisa. Ciwon shanyewar tsokar jarirai da ke tasowa daga lakar baya ya samu maganinsa na farko a ƙarshen 2016, a 2019 kuma aka fito da allura ɗaya mai saka lafiyayyar ƙwayar gado, a kan dala miliyan 2.1, kusan riyal miliyan 8. A Alzheimer tafiyar ta fi wuya. Bayan gwaje-gwaje da yawa sun faɗi, a 2023 Amurka ta amince da lecanemab, wanda ake ƙarawa ta jijiya duk mako biyu don share amiloyid. A gwajin mutum kusan 1,800 na wata 18 ya rage saurin lalacewa da kashi 27 cikin 100. Ragewa ce kawai, ba warkarwa ba, kuma ga masu matakin farko kaɗai. Kusan mutum ɗaya cikin takwas ya samu kumburin ƙwaƙwalwa, masu kwafi biyu na APOE4 kuma sun fi shiga wannan haɗari. Kuɗinsa a Amurka lokacin da ya fito a 2023 dala 26,500 ne a shekara, kusan riyal 100,000, ban da hotunan ƙwaƙwalwa da ake maimaitawa. Abin da ya fi ba ni fata shi ne ɓangaren ganowa: a 2025 aka amince a Amurka da gwajin jini na farko mai auna tawu da amiloyid, abin da a da sai an zuƙi ruwan laka ko an yi hoto mai tsada.

Kafin waɗannan su iso hannun talaka, akwai abin da ke hannunmu. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon ruɗewa, cikinsu har da hawan jini, ciwon suga, kitsen jini, taba, ƙiba, rashin motsa jiki, raunin ji da na gani da ba a kula da su ba, buguwar kai, da kaɗaici. Sannan ba kowace mantuwa ce Alzheimer ba. Ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, haɗuwar magunguna da yawa, ko jinin da ya taru a ka bayan tsoho ya zame a banɗaki, duk suna kawo ruɗewa, kuma duk ana maganinsu.

Ranar da za a kai Baba ko Inna wurin likitan jijiya, a tafi da duk magungunan da suke sha a leda ɗaya, har da na gargajiya. A zauna da babbar gwaggo ko kawun da ya san dangi a rubuta tsatso uku a takarda: wa ya auri wa, wane ne ɗan uwan wane, wa ya ruɗe kuma yana da shekara nawa, wa hannunsa ya yi rawa, yara nawa suka rasu da ƙuruciya ko suka kasa tafiya da magana, har da waɗanda aka bari a Sudan ko a gida Nijeriya da Nijar. Da wannan takardar likita zai gane ko nau'i na farko ne ko na biyu ko na uku, ita ce kuma za ta nuna masa ko akwai buƙatar gwajin ƙwayoyin gado da wanda ya kamata a fara ɗiban jininsa.